Ramin da ke gaban kunnen 'yata ya sake kumbura

Tambaya: Likita, an haifi 'yata da wani ɗan rami kamar hujin allura a gaban kunnenta na dama. Yanzu shekararta 7. Sau uku yana kumbura, mai kemis yana tsagawa, ga shi kuma kumburin ya koma bayan kunne. Hankalina ya tashi. Ciwon daji ne?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ba daji ba ne. Ramin baki ne kawai na wata siririyar hanya da ta saura tun kunnen yana haɗuwa a cikin mahaifa, tana ƙarewa da 'yar jaka manne da guringuntsi. Idan ba ta ciwo, ba a taɓa ta. Galibi jakar a gaba take, amma akwai nau'in da ba a cika gani ba, wanda takan ratsa guringuntsin ta kwanta a bayan kunne. Da alama irinsa ne na 'yarki.

Abin da ke ɓata mana aiki kullum shi ne ɗaukar wannan abu a matsayin maruru. Maruru in an matse ya ƙare. Wannan kuwa cikinsa fata ce mai zubar da dauɗa, muddin tana nan sai ya dawo. Kowace tsaga ta wanzami ko mai kemis tabo take bari, ta yayyanka hanyar gida-gida, ranar tiyata a rasa inda ta bi. Wasu har tsinken tsintsiya suke zurawa, ko su cusa garin kafso! Mafi muni, in bakin ramin yana ƙasan kunne ko gefen muƙamuƙi, hanyar kan bi ta kusa da jijiyar da ke motsa fuska. Aska ta same ta, baki ya karkace.

Ki kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zai fara kashe ciwon da magani, in mugunya ta taru a zuƙe da sirinji. Sai wurin ya lafa, kamar mako 4 zuwa 6, a yi aiki da maganin barci: a zuba shuɗin rini a ramin don a ga hanyar, a ciro ta ɗungurungum tare da ɗan guntun guringuntsin da ta manne masa. Irin na 'yarki sai an buɗe ta baya ma. Ragowar da aka bari ita ke dawo da ciwon.

A gwada jinta. In akwai rami a wuya ko kurumta a dangi, a ɗauki hoton ƙoda, domin wani lokaci tare suke zuwa da matsalar ƙoda.