Amsa ga ɗalibina kan jirgin da ya daɗe a ajiye

Yarona, ka tambaye ni jiya, muna kan hanyar komawa Nima, dalilin da ya sa za mu juye baƙin man jirgin nan Cessna 172, alhali awa goma sha biyu kacal ya yi a sama tun juyin baya, ga shi ka ji ana cewa sai ya cika awa 50. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin ta nuna kana duba littafin tarihin jirgin.

Ka sani cewa a wannan sana'a ta gyaran jirgin sama da ma'auni biyu muke aiki, awannin tashi da kwanakin wata, kuma duk wanda ya riga cika shi ake bi. Kamfanin Lycoming da ya ƙera injin ya ce a canja baƙin mai da matatarsa bayan awa 50 ko wata huɗu. Haka ma babban garambawul na injin irin wannan, awa 2,000 ne ko shekara 12. Jirgin nan ya cika wata huɗu da juyin baya tun makon jiya.

Dalilin kuwa tsatsa ce. Duk lokacin da inji ya ƙona mai yakan haifar da tururin ruwa, wani sashe ya gangara cikin baƙin mai, ya haɗu da dattin ƙuna ya zama abin da ke cin ƙarfe. Jirgin da ke tashi kullum yana ɗaukar zafin da zai kori wannan ruwa, amma wanda ke ajiye a rumfa, musamman a nan Accra inda iskar teku ke ɗauke da laima da gishiri dare da rana, a hankali yake lalacewa ba tare da ido ya gani ba. A injin Lycoming, sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, a sama take, saboda haka daga kanta baƙin mai ke fara tsiyayewa ya bar ta tsirara. Na taɓa buɗe injin da bai kai rabin awanninsa ba, na tarar tsatsa ta rarake wannan sanda, har yau ina jin takaicin abin. Kada kuma ka yarda da masu cewa a riƙa tayar da inji na minti goma a ƙasa. Zafin ba ya isa, ƙara masa ruwa kawai ake yi.

Sai batun doka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, wadda aka kafa a 1986, ba ta ɗaukar jirgi a matsayin mai lafiyar tashi sai an bi tsarin kulawar da ta amince da shi, kuma injiniya mai lasisi ya sa hannu. Hannuna ne zai hau takardar, ba naka ba tukuna, kuma ba na sa shi a kan abin da ban gani da idona ba.

Gobe in Allah ya kai mu, kai za ka kwance matatar, ka yanka ta, ka baje takardar cikinta a hasken rana mu nemi ɓurɓushin ƙarfe. Bayan haka ka tsiyayi man tanki a kwalba: launinsa shuɗi ne, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.