Amsoshin Tambayoyinku: Wace Dokar Muhalli Ce Ta Hau Kan Ginina?

Wata uwar marayu daga Garwa ta rubuto: "Maigidana ya bar mana fili, ina so in tada ɗaki uku da falo. Wani ya ce sai na biya an yi mini binciken muhalli, in ba haka ba za a rushe. Barci ya gagare ni."

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Kwantar da hankalinki ki yi barcinki. Binciken da ake kira étude d'impact yana nan da gaske, dokar muhalli ta Kamaru ta 1996 ce ta kawo shi, amma don manyan ayyuka aka yi shi, irin su masana'anta da madatsar ruwa da babban titi. Gidan kwanan iyali ba ya ciki. Abin da ya hau kanki yana cikin dokar tsara birane ta 2004. Ki fara da certificat d'urbanisme, takardar da za ta gaya miki ko an yarda a yi gini a filin, da kuma irin ginin. Daga nan sai permis de construire, wato izinin gini, a meri, ofishin magajin gari, inda za a nemi zanen gida da shaidar mallakar fili. In ba ki da titre foncier, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, takardar jauro ce kawai a hannunki, ki tambaye su batun permis d'implanter, wato izinin ƙaramin gini ko na wucin gadi, su faɗa miki irin ginin da ya halatta kafin ki sayi bulo ko guda. Ki je da ƙafarki, ki tafi da ƙaninki ko babban ɗanki, kuma duk abin da kika biya ki karɓi rasit. A zanen kuma ki lura da inda aka sa masai, ya yi nesa da rijiyarki da ta maƙwabta.

Wani Alhaji daga Marwa ya ce zai gina gidan mai a bakin hanyar Mora, yana tambaya ko ya fara aiki, takardu su biyo baya.

Haba Alhaji! Kai ma ka san amsar, so kake in ɗaure maka gindi. Gidan mai yana cikin wuraren da dokar 1998 ta lissafa a matsayin masu haɗari, tankinsa kuma a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ruwan rijiyoyin mutane yake. Dokar firaminista ta 2013 ta kasa binciken muhalli hawa-hawa: akwai ɗan ƙarami, notice d'impact, wanda meri ke dubawa, akwai matsakaici, akwai cikakke. Ba ni zan zaɓar maka ba, ba kai za ka zaɓa ba. Ka kai bayanin aikin ofishin ma'aikatar muhalli, MINEPDED, na jiharku, su gaya maka matakinka a rubuce. Ranar da aka shafa wa katangarka jan fenti, kada ka rubuto mini.

Wani matashi daga Ngaundere yana gina gidan haya hawa biyu. Ya ce wani mai jaka ya zo masa da tayin "takardar ginin zamani mai kare muhalli", wai LEED, wai ta zama dole, kuma zai haɗa masa da rodi da siminti masu rahusa.

Ɗana, riƙe kuɗinka. LEED shaida ce daga Amurka, HQE daga Faransa, EDGE kuma daga IFC, reshen Bankin Duniya. Duk ukun na ganin dama ne, ba meri ce ke neman su ba. Sai in wanda ya ba ka rance ko tallafi ya sa su cikin sharaɗi, sa'annan su hau kanka, kuma za ka gan su a rubuce cikin yarjejeniya. Ba a sayar da su a jaka. EDGE, alal misali, sai ginin ya rage wuta da ruwa da hayaƙin carbon da aka fitar wajen yin kayan gini da kashi 20 cikin ɗari, kuma mai bincike da aka tantance ya tabbatar.

Amma rodin nan mai rahusa shi ya fi tada mini hankali, don shi ne ciwon da ya addabe mu. Mutum zai kashe dukiya a kan tayil mai ƙyalli da ƙofar Turkiyya, ya zo kan ƙarfen da zai riƙe dakin sama a kan 'ya'yan mutane, a nan zai fara neman sauƙi. A ce maka ga rodi mai milimita 12, ka ɗauka ka ji sakayau kamar kara. Ba sai ka yi gardama da mai shago ba, ka sa a ɗora a sikeli. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, nauyinsa ya haura kilo 10 da rabi kaɗan. Mai 10 wajen kilo 7 da ɗigo 4. Mai 8 kusan kilo 4 da ɗigo 7. In ya gaza sosai, an ci daga kaurinsa ko daga tsawonsa, ka bar masa kayansa. Buhun siminti kilo 50 ne, shi ma ka auna biyu ko uku daga tsakiyar lodi, kada ka yarda da wanda yaron shago ya zaɓo maka. Ka duba bakin buhu ko an farke an sake rufewa, ka cusa hannu, in ka ji ƙulalai to ya sha raɓa. Ka karanta lambar ƙarfinsa da ke jikin buhu, 32.5 ne ko 42.5, ka sayi wanda injiniya ya rubuta, ba wanda birkila ya ce duk ɗaya ne ba. Hukumar ANOR ce ke da ma'aunin waɗannan kaya, amma ba ita za ta tsaya maka a wurin aiki ba. Kuma don Allah ku daina biyan ƙarin kuɗi don an manna wa gwangwanin fenti koren ganye an rubuta écologique, wai mai kare muhalli. Kowa na iya buga takardar mannawa. Gidan da ke sauƙaƙa zafin Maris da Afrilu shi ne mai kaurin bango, da baranda, da tagogi masu fuskantar juna, da silin ƙarƙashin kwano, da darbejiya a gefen yamma.

Wani malami daga Gidar ya tambaya ko doka ta hana ginin ƙasa. Ba ta hana ba, malam. Gwamnati ma tana da hukuma, MIPROMALO, mai tallata bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Ka dai ɗaga harsashi da dutse ko kankare, rufi kuma ya zarce bango sosai saboda ruwan sama.

Sai wani daga Kuseri da ya samu fili "kusan kyauta" dab da kogin Logon. Dokar 2004 ɗin nan ta hana gini a filin da ambaliya ke ci, sai da sharaɗi na musamman, kuma ba ka manta ruwan 2022 da na 2024 ba. Kada ka ba da ko kafin alƙalami yanzu da rani. Ka nemi certificat d'urbanisme, ka koma filin a watan Oktoba, ka sa maƙwabta su nuna maka inda ruwa ya tsaya a jikin katangarsu.