Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan tiyatar rage ƙiba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta tambayarki har sau biyu, kin ce nauyinki kilo 118, tsayinki mita 1.62, ga suga ga hawan jini ga gwiwoyi sun hana ki sakat, likita ya kawo miki maganar tiyatar rage tumbi, ke kuma kin rasa ta cewa, wasu na ce miki ki je a yi kawai ki huta wasu na cewa mutuwa ake. To ni an min, shekara huɗu kenan, bari in faɗa miki abinda na sani da abinda na so ace an zaunar da ni an faɗa min tun kafin in sa hannu a takarda.

Da farko ki cire wa ranki cewa gazawa ce ko lalaci. Ƙiba mai tsanani ciwo ce, jiki ne da kanshi yake yaƙi da ke duk sanda kika rage, shi yasa zaki sauke kilo 10 ya dawo da 12. Da lissafin da kika bayar BMI ɗinki, wato ma'aunin ƙiba, yana wajen 45, ana raba nauyi ne da tsayi sau tsayi. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 a Amurka cewa tayi ana yin aikin ga mai BMI daga 40 zuwa sama, ko 35 in akwai ciwo irin suga, a 2022 ma aka sassauta ta koma 35 ko da babu wani ciwo. Kinga likitanki ba da ka yayi magana ba, kina cikin waɗanda aikin ya dace da su. Amma dacewa daban, shiri daban.

Aikin ba iri ɗaya bane, nan ne ni na yi kuskure. Akwai silib, wanda ake yanke kusan kashi 75 zuwa 80 na tumbin a cire shi gaba ɗaya a bar siriri kamar hannun riga, wannan ba'a maido shi, abinda aka cire ya tafi kenan. Sai baifas, shi kuma ƴar ƙaramar jaka ake yi a saman tumbin kamar girman ƙwai a haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Ni silib na zaɓa saboda naji ance yafi sauƙi kuma ba'a taɓa hanji, alhali na daɗe ina fama da ƙwannafi, ban ɗauke shi komai ba ban faɗa ba, su ma basu tsananta tambaya ba, ba'a zura min kyamarar nan ta baki an duba ba. Bayan aiki wallahi 'yar uwa shekara guda cur ban kwanta flat ba sai da matashi uku, daga baya nake jin cewa silib yana iya ƙara ƙwannafi, baifas kuma shi ne yake sauƙaƙa shi, kuma ga mai suga ma baifas ɗin yakan fi tasiri. Ban ce ki zaɓi baifas ba fa, shima da nashi, yafi jawo ƙarancin sinadarai a jiki, in kika sha zaƙi zuciya ta hau bugawa ga zufa ga jiri ga gudawa, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac an raba ki dasu saboda gyambon ciki, ke kuma mai ciwon gwiwa ce, dole ki tambaya da me za'a maye miki su. Abinda nake nufi ki zazzage wa likita komai, har abinda kike ganin ƙarami ne.

Maganar mutuwa, haɗari akwai, duk aikin da za'a sa mutum barci da haɗarinsa. Amma a hannun ƙwararru yanzu da ƴan ƙananan huji ake yi ba farke ciki ba, kuma haɗarin rasa rai bai kai mutum 1 cikin 100 ba, kusan ɗaya yake da aikin cire matsarmama. Abinda ake tsoro a satuttukan farko shine ɗinki ya yi yoyo, zubar jini, ko gudan jini a ƙafa ya tafi huhu. Ki tambayi likitan kai tsaye ba kunya, guda nawa yake yi a shekara, in matsala ta taso da tsakar dare wa zaki kira, akwai masanin abinci a tawagarsu, shekara nawa zasu bi ki. In ya ɓata rai da waɗannan tambayoyin ki nemi wani.

Ni daga 128 na sauko 90 a cikin wata 18, yanzu ina 96, kuma haka abin yake ga yawanci, kashi 25 zuwa 30 na nauyi ke tafiya wani ɗan ya dawo. Na daina minsharin da numfashina ke ɗaukewa cikin barci, maganin hawan jinina daga uku ya koma ɗaya, ina hawa bene ba tare da na tsaya ba, alhamdulillah. Amma gashina ya zube sosai wajen wata na huɗu kafin ya dawo, fata ta saki a hannu da ciki, satuttukan farko ruwa-ruwa kawai ake sha da ƴan kurɓi, kuma har yau bana haɗa ci da sha lokaci ɗaya. Abinda yafi bani wahala ma ba jiki bane, da can in raina ya ɓaci abinci nake nufa, sai gashi babu wurin sa shi, na yi kuka ba kaɗan ba kafin na yarda na ga likitan ƙwaƙwalwa. In kin san kema haka kike ki fara ganinshi tun yanzu.

Sai bitamin, dan Allah ki riƙe wannan da kyau. Har ƙarshen rayuwa ne, B12, ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini), kalsiyam, bitamin D, da gwajin jini aƙalla duk shekara. A shekara ta biyu naji garau na watsar da su wata bakwai, sai ga jiri, ƙafafuna na min kamar ana tsira allura, jinina yayi ƙasa har sai da aka min ƙarin ayon ta jijiya. Ki lissafa wannan ɗawainiyar tun yanzu ki ga ko zaki iya ɗauka, kar ki tsaya kan ranar aikin kaɗai.

Baki faɗi shekarunki ba, in kina son haihuwa ana so a jira wata 12 zuwa 18 bayan aiki, kuma ciki yana saurin shiga da zarar nauyi ya fara sauka, har ga waɗanda suka daɗe suna nema, to ku yi maganar tsarin iyali da likita, musamman in baifas ne don ƙwayar sha ba lallai ta shiga jiki yadda ya kamata ba.

Ki kuma tambaye shi batun alluran nan na rage ƙiba irin su Wegovy, suna rage wajen kashi 15 na nauyi, amma in an daina yawanci nauyin na dawowa. Ranar da zaki koma ki tafi da maigida ko wanda zai yi jinyarki yaji da kunnenshi, ki rubuta tambayoyinki a takarda da sunan duk maganin da kike sha, don na suga ana canza su tun daga ranar aiki kar sugan ya faɗi ƙasa. Allah ya baki lafiya ya zaɓa miki mafi alheri, in akwai abinda ban taɓo ba ki tambaya anan zan amsa.