Alluran insulin a ɗakin kwanan ɗalibai, ina za a kai su?

Ƙanwata, kin ce abokiyar ɗakinki a Jami'ar Jihar Gombe tana yi wa kanta allurar ciwon suga, tana zuba tsinken a kwandon shara. Kin kyauta da kika tambaya.

Ku je asibitin makaranta ku nemi kwalin ajiye allura, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. In babu, ku sami jarka mai kauri da murfi. Gorar ruwa ba ta yi, tsinke na huda ta. Kada ta mayar wa allurar hularta bayan ta gama, nan yatsa ke shiga uku. Kwalin ya kai kashi 3 cikin 4, a rufe, a mayar wa ma'aikatan lafiya su ƙone a injin ƙona sharar asibiti.

Kada ku cinna wa alluran wuta a bayan ɗaki. Roba ta narke, ƙarfen yana nan cikin toka, ga yaran bola-jari suna tonawa da hannu.

Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu da ruwa, ya wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ranar. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a kuma tambayi rigakafin ciwon hanta.