Ranar da zan ba ka makulli

Ɗana, daren jiya bayan mun sauke fasinjan ƙarshe a Birnin Kebbi, kana goge gilas ka yi mini tambaya ban amsa ba. Ka ce: "Baba, shekarata biyu ina bin motar nan, na iya tuƙi, sa'o'ina har sun fara lodi. Yaushe za ka ba ni makulli ni ma in tsaya da ƙafata?" Kanka a sunkuye ka faɗe ta, na kuma san ka daɗe kana juya ta a zuciya. Shirun da na yi ba fushi ba ne. Maganar ta fi ƙarfin a yanke ta a tsaye cikin tasha, ga gajiya ga idon mutane.

Tambayarka ta yi mini daɗi. Yaron da bai taɓa marmarin sitiyari ba, ba shi da abin yi a wannan sana'a. Na kuma san ba kuɗi kaɗai kake hange ba. Kana so ka shiga gida da buhun shinkafa ka ajiye gaban mahaifiyarka ba tare da ka roƙi kowa ba. Kana so a daina kiranka karen mota. Ni ma an kira ni da sunan nan, na san zafinsa.

Kashi ɗaya na amsar ba a hannuna yake ba. Shekarunka 17, doka kuwa ta ce sai 18 ake ba mutum lasisi. Ranar da ka cika, ni da kaina zan kai ka makarantar koyon tuƙi mai rajista, ka karɓi takardar koyo, mu liƙa jan harafin L gaba da baya. Daga nan jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci da gwada direbobi, su gwada ka, a biya kuɗin gwamnati, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lasisin ɗaukar fasinja kuma ajinsa daban ne, da nasa sharuɗɗan. Idan wani ya ce ka kawo kuɗi da hoto ya kawo maka lasisi har gida, ka ce masa ka gode. Ranar da tsautsayi ya faɗa, takardar bogi ita ce ta farko da za ta kai ka ƙasa, mai motar ma ya bi bayanka.

Sai dai ko da yau ka wayi gari da shekara 18, ba zan ba ka motar nan da mutane a ciki ba tukuna. Ga dalili.

Ka ce ka iya tuƙi. Abin da ka iya shi ne tayar da mota, kuma ka iya shi da kyau. Ranar da na ba ka ita a filin Idi na ga ƙafarka a kan kuloci: ka sake shi a hankali har inji ya canza murya, gaban motar ya ɗan ɗaga, sannan ka ba ta totur. Ba ta yi tsalle ba, ba ta mutu ba. Akwai masu shekara goma a kan titi da ba su da wannan ƙafar. Ribas ɗinka ma babu laifi. Amma ni ba ƙafarka kaɗai nake kallo ba, idonka nake kallo, idonka kuwa yana kan hancin mota. Da za ka sa giya ta uku sai da ka sunkuya ka dubi hannunka. Tun da muka shiga filin har muka fita, sau ɗaya ka kalli madubi, shi ma sai da na yi gyaran murya. A fili babu komai, sai ƙura. A kan hanyar Jega, wannan sunkuyawar ta isa.

Lissafa da kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, zuciya ta yarda, ƙafa ta bar totur ta hau birki, daƙiƙa guda ta wuce ga mai lafiya wanda ya yi barci ya ƙoshi. Ka ga ka shafe mita 28 birki bai ma fara aiki ba. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Ƙara nauyin mutum goma da buhunan albasar Aliero a baya, ka ƙara taya mai sanƙo. Shi ya sa doka ta tsayar da 50 a cikin gari, ta tsayar wa motar haya 80 a kan babbar hanya irin tamu. Yaran da kake gani suna wuce mu kamar an jefa dutse, ba su fi mu iyawa ba. Ba su taɓa bukatar tsayawa da gaggawa ba ne kawai.

Ni na taɓa bukata.

A 1988 ne, shekarar da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, lokacin nan duk jihar Sakkwato ce, ba a cire Kebbi ba sai 1991. Ina kamar shekarunka, ina bin maigidana a wata Peugeot 504. Mutum ne mai sanyi, tun kafin canjin hannu na 1972 yake tuƙi, wato ya koyi bin hagu, sannan da girmansa ya sake koyon bin dama. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ba ni makulli in kai motar wurin wanki in dawo da ita, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba. Da na wanke sai zuciya ta ce mini in ɗan taɓa titi. Na ɗauki abokaina biyu muka miƙi hanyar Kalgo. Magariba ta kawo jiki, irin lokacin nan da rana ta faɗi amma duhu bai gama sauka ba, fitila ba ta haska komai, ido kuma yana ruɗin mutum cewa yana gani. Abokaina suna ta zuga ni, ni kuma ina jin duniya ta zama tawa. Ban ga amalanken ba sai da na ga farin rawanin mai ita. Jaki ne ke ja, an yi lodin kara, babu fitila babu komai. Na taka birki da duk ƙarfina, tayoyi suka kulle, motar ta daina jin sitiyari, ta tafi da kanta kamar an ɗora ta a kan sabulu. Har yau ina jin ƙarar karan nan a kan gilas.

Dattijon bai mutu ba, Allah ya kiyaye, amma ƙafarsa ta karye, jakin kuma bai tashi ba. Na sauko ina rawar jiki na tarar da shi zaune a gefen kwalta yana riƙe da gwiwa. Bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ina za ka haka?" Ba ni da amsa, domin babu inda za ni. Maigidana ya taso da zazzaɓinsa, ya biya kuɗin ɗori, ya biya jaki, ya gyara mota daga aljihunsa. Damina ta zo dattijon bai iya noma ba, sai maigidana ya riƙa aika ni da gero gidansu, ni kaɗai, a ƙafa daga bakin titi. Ina shiga in gaishe shi, in ga 'ya'yansa suna kallona. Da an yi mini bulala ɗari da ya fi mini sauƙi. Sai da na ƙara shekara biyu a bayan mota kafin ya sake miƙo mini makulli, kuma ban taɓa jin ya zalunce ni ba.

Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, ɗana. Ranar nan na iya duk abin da ka iya yau.

Abin da ya rage maka ba a koyonsa a fili. Karatun hanya ne, kuma ka riga ka fara ba ka sani ba, domin kujerar da kake zaune a kai makaranta ce. Daga gobe ina so ka riƙa faɗa mini abin da ka hango kafin mu isa gare shi. Idan ka ga saniya ɗaya ta hau titi, ka san garke na bayanta, makiyayin kuma yana can ƙarshe. Akuya tana da wayo, takan ja da baya in ta ji oda. Tunkiya ba ta ja, inda 'yar'uwarta ta bi nan za ta bi ko da wuta ce. Idan bas ta tsaya a bakin ƙauye, kar ka kalli bas ɗin, ka kalli ƙarƙashinta, za ka ga ƙafafun 'yar talla kafin ka ga farantinta. Mai babur da ya waiga sau ɗaya, juyawa zai yi, ko ya sa sigina ko bai sa ba. Ganye a zube a kan kwalta, babbar mota ce ta lalace a gaba, wataƙila bayan kwana. Ruwan farko na damina ya fi kowane ruwa santsi, saboda yana taso da ƙura da man da suka kwanta a kan titi duk rani. Cikin hazon hunturu kuma ka kunna ƙaramar fitila, babbar ba ta ƙara maka gani, dawo maka take yi a ido. A gangara da lodi, ka sauko da giya ka bar inji ya riƙe motar, domin birkin da aka daɗe ana takawa zafi yake yi ya saki.

Ita kanta motar, ka fi yawancin sa'o'inka saninta, wannan na yaba maka. Kana duba ruwa da baƙin mai kafin a tayar, ba ka buɗe murfin lagireto da zafi, ba ka shiga ƙarƙashi a kan jak ba tare da waigi ba. Ka ƙara da taya. A jikinta akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau alhali robar ta tsufa, ita ce ke fashewa da tsakar rana tsakanin Koko da Yawuri.

Yanzu maganar tsayawa da ƙafarka, wadda ita ce ainihin abin da ka tambaya. Kana ganin ranar da makulli ya shiga aljihunka babu mai ba ka umarni. Wallahi ranar ce masu ba ka umarni za su yi yawa. Yau ni kaɗai ne a kanka. Ranar nan mai mota yana jiran balas, wato kuɗinsa na yini, da yamma, bai damu da ko an samu fasinja ba. Ɗan kamasho zai ce ka ƙara mutum biyu a gaba, ai kowa haka yake yi. Wani alhaji a baya zai ce, "Direba, taka mana, kasuwa za ta watse." Abokai za su miƙo maka ƙwaya su ce tana kore barci, alhali ba barcin take korewa ba, hankalin da zai gaya maka kana jin barci take kashewa. Wani zai ba ka kuɗi mai tsoka ka yi tafiyar dare a hanyar da kowa ya san halin da take ciki yanzu. Duk waɗannan sun girme ka, wasu sun haife ka, kai kuma an yi maka tarbiyyar kada ka musa wa babba. Tarbiyya ce mai kyau, amma a bayan sitiyari dole ka iya cewa, "Ka yi haƙuri Baba, ba zan yi ba," da ladabi, ba tare da ka ɗaga murya ba, kuma ƙafarka ba ta ƙara ko kaɗan a kan totur ba. Wanda ya ce ka taka, in abu ya faru, ba shi za a tambaya ba. Mutanen da ke bayanka ba su san sunanka ba, sun shigo sun ba ka rayukansu, wasu har barci suke yi. Amana ce, kuma za a tambaye ka ita a inda babu ɗan kamasho.

Wannan nake jira in gani a wurinka, kuma na fara gani. Makon jiya a Jega, da mutumin nan ya matsa sai an ɗora masa buhu na shida a kan but, kai ka ce masa motar ta cika tun kafin in buɗe baki. Ya yi maka tsawa, ba ka rama ba, ba ka kuma ɗora ba. Ban ce maka komai ba a lokacin, amma a raina na rage maka wata uku.

Sa'o'inka da suka fara lodi, ina yi musu fatan alheri, ban kuma san abin da iyayen gidansu suka gani ba. Ni dai mahaifiyarka ta kawo ka hannuna ta ce ga amana, ba zan mayar mata da kai a cikin tabarma ba, ba zan kuma bari ka ɗauki abin da na ɗauka tun 1988 ba.

Ga yadda za mu yi. Daga nan zuwa cikar shekarunka, duk ranar da ba mu da lodin safe, fili naka ne awa guda. Zan jera duwatsu ka riƙa tsayawa a kansu, zan rufe giyar da hulata har hannunka ya san wurinta ba da ido ba, zan kuma riƙa tambayarka abin da ke bayanka ba tare da sanarwa ba. In takardar koyo ta fito, za ka ja mu babu fasinja daga nan zuwa Kalgo ina gefenka, sannan Jega, sannan Argungu. Sai ka yi damina ɗaya da hunturu ɗaya a haka. Bayan nan, in Allah ya kai mu, ni zan shiga gaba in kai ka wurin shugabannin tasha in ce wannan yarona ne, na yaye shi, in kuma tsaya maka wurin mai mota. Kuɗin makaranta da na lasisi kar su dame ka, tun watan azumi nake cire wani abu daga kason ka ina ajiyewa, sauran ni zan cika.

Ka gaya wa mahaifiyarka yadda muka yi, ka gaishe ta. Gobe bayan sallar asuba ka same ni a gida. Ka taho da jarkar ruwa, ka kuma tsinto duwatsu shida masu girman kai a hanya.