Abin da ke daskarar da romon ƙafar sa

Ka tambaye ni dalilin da romon ƙafar sa da ganda ke daskarewa in ya kwana, na tsoka kuwa ya wayi gari tsululu, har ka ce ko kitse ne. Ba kitse ba ne, ɗana. Kitse sama yake tasowa fari fat, ludayi ɗaya ya kwashe shi. Wancan mai rawa a ƙasa, mai manne maka yatsu, daga fata da jijiya da guringuntsi ya fito.

Abin da ke cikinsu da ke haifar da shi, masana na kiransa kolajin. Furotin ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikin mutum shi ne. Igiya ce mai tufka uku, cikin abubuwan da ke riƙe tufkar kuwa akwai furolin, ɗaya daga amino asid 20 da ake gina furotin da su. Shi ya sa ganda ke gardama da wuƙa. Sai ta daɗe cikin ruwan zafi tufkar ke warwarewa ta narke a romo, in ya huce ya kama jikinsa. Don haka nake hana ka ingiza itace. Ka bar ta kan garwashi tun la'asar, tana ɓararraka a hankali, sai ka matsa jijiyar da yatsa ta nutse.

Masu saye a nan Gusau za su ce maka ganda ba ta da amfani, wasu kuma su ce maganin gwiwa ce. Kada ka bi ko ɗaya. Furolin na ciki da yawa, amma jiki na haɗa nasa, kuma akwai shi a nono, ƙwai, kifi da nama. Abin da aka ci ma sai ciki ya farfasa shi tukuna, ba ya zarcewa gwiwa kai tsaye. Ganda kaɗai ba ta cike gurbin tsoka ko wake.

Ga abin da nake so ka riƙe: jiki ba ya iya amfani da furolin ya ƙarfafa kolajin sai da bitamin C. In ya yi ƙaranci, dasashi na jini, rauni ya ƙi warkewa. Lemun tsamin da nake sa ka yanka gefen kwano yana da aikinsa, haka gwaiba da tattasai.

Babbaka kuma da itace ko kara za ka yi. Ranar da na ga taya a wutarka, ka bar rumfata, don mutane ne za su ci.