Filin Tambaya da Amsa: In koma sayen abinci a hannun manomi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Kwanaki na sayo wake a kasuwa, ina jiƙawa sai naji wani wari kamar na fiya-fiya, na wanke na sake wankewa amma bai tafi ba, ƙarshe zubarwa nayi. Maigida yace mu koma saye a wajen wani manomi ɗan garinsu, shin hakan yafi aminci ko duk kanwar ja ce? Daga Maman yara, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kin kyauta da kika zubar, wanki baya bada tabbacin maganin ya fita. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya sunansa dichlorvos, kuma saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kinga abin ba ƙarami bane. Dalilin zuba shi kuwa, ana saye da kaka a ajiye sai yayi tsada, wake kuma baya jure ajiya, ƙwari sun huda shi kenan.

Shawarar maigida tana da kyau amma gaskiya sanin mutum kaɗai bai wadatar ba, manomin ma yana ajiya kuma shima yana tsoron asara, zai iya zuba maganin da zuciya ɗaya don haka yaga kowa nayi. Ribar sayen a hannunsa ita ce kuna da bakin tambaya, a kasuwa buhun ya bi hannu da yawa kafin ya iso wajen mai awo, ba wanda zai iya faɗa miki me aka sa. To ku tambaye shi ƙarara da me yake ajiya. In yace buhun PICS ne, wannan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, alhamdulillah, iska bata shiga don haka ƙwarin mutuwa suke ba tare da magani ba.

Ni abinda nafi so ma shine ku saya da kaka yana sabo, ku shanya ya bushe sosai, ki samu jarka mai tsafta wadda ba'a taɓa zuba fetur ko magani ba, ki cika ta har wuya ki toshe gam kada a dinga buɗewa. In buhu yafi ƙarfinku ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku raba.

Gyaɗa da masara kuma matsalarsu daban ce kuma ta fi bani tsoro don bata da wari kamar fiya-fiya. In basu bushe da kyau ba suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin, tana taɓa hanta har ta kai ga kansa, tana hana yara girma, dafuwa kuma bata kashe ta, ga shi da su muke yi wa yara kunu kullum. Ki tambaya a ƙasa yake shanya ko a kan tamfol, ko yana zuba Aflasafe a gona, wato maganin rage wannan gubar wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Duk ƙwayar da ta canza kala ko ta motse ki tsince ta ki yar, kada ki ba kaji.

Kayan lambu tambaya biyu ce, da wane ruwa ake ban ruwa, kwana nawa tsakanin feshi da tsinka. Lambun da ke shan ruwan dam ɗin Tiga irin na Kadawa da Kura ba ɗaya yake da mai shan ruwan Jakara da ke kwaso ƙazantar gari ba, musamman latas da kabeji da ake ci ɗanye. Alayyahu da zogale kuma iya sabuntarsu iya amfaninsu a jiki, ki sayi na yini ɗaya ko biyu kawai ki wanke da ruwa mai kyau kafin ki yanka.